Alamomin aiki marasa ma'ana ta asali a cikin harsunan na'ura mai ƙwaƙwalwa

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara koyon rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umurni yakan ɗauka cewa kowace alama da ke cikin harshen an riga an ɗora mata aikinta: + ta tara, − ta ɗebe, * ta ninka. A harsuna irin su Pascal da C haka abin yake. Amma akwai harsunan da ke ɗauke da alamomin da na'ura ta sani, tana karanta su ba tare da tuntuɓe ba, ta san mazauninsu a cikin jimla, alhali kuwa ba a ba su aikin komi ba. Mai rubutu ne ake jira ya faɗi abin da suke nufi.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda irin waɗannan alamomi suke, da dalilin da ya sa aka bar su haka da gangan. Za mu nuna kuma cewa ba a bar su wayam ba sarai, domin wanda ya tsara harshen ya riga ya yanke wasu hukunce-hukunce a kansu kafin mai rubutu ya zo, kuma daga nan ne yawancin kurakurai suke fitowa. Za mu dogara da harsuna biyu, na Mathematica da Prolog, sa'annan mu taɓa wasu a taƙaice. Abin da Faransanci yake kira opérateur mun kira shi «alamar aiki», abubuwan da ke dama da hagu da ita kuwa «gefuna».

2. Abubuwa uku a cikin alama ɗaya

Mu duba wannan jimla ta lissafi:

(1) 2 + 3 * 4

Duk ɗan makaranta zai ce amsa 14 ce. Idan aka bi jimlar daga hagu zuwa dama kamar yadda ake karanta boko, 20 za a samu. Abin da ya hana haka shi ne wata yarjejeniya da ta ce * ta fi + riƙo, wato tana jawo gefunanta kafin + ta jawo nata. Wannan hukunci na ginin jimla ne, kuma na'ura tana yanke shi tun kafin ta yi lissafin komi. Da farko takan yi wa jimlar li'irabi, ta mai da ita bishiya mai + a sama, da 2 a reshe ɗaya, da 3 * 4 a ɗaya reshen. Sai bayan bishiyar ta tsaya ne wani sashe na daban yake zuwa ya tambayi abin da + take nufi.

Ashe ke nan abubuwa uku ne suke tattare a cikin alamar aiki: surarta a rubuce, matsayinta a cikin jimla (ƙarfin riƙonta da ɓangaren da take fara haɗawa), da kuma ma'anarta. Sabo ne ya sa muke ganin su kamar abu guda. Masu nazarin harshe sun san batun tun daga darussan Ferdinand de Saussure da aka buga a 1916, inda aka nuna cewa yarjejeniyar al'umma ce take ɗaure kalma da abin da take nufi. Tarihin alamomin lissafi ma ya shaida haka. Lokacin da + da − suka fara fitowa a bugu, a littafin lissafin fatauci na Johannes Widmann a ƙasar Jamus a 1489, rara da gibi suke nunawa. Alamar = ta zo a 1557 daga Robert Recorde, × kuma a 1631 daga William Oughtred. A ƙarni na 19 George Peacock da wasu masana a Ingila suka fara nazarin alamomi bisa ƙa'idodin da suke bi kawai, ba tare da an ce lalle lambobi ne a gefunansu ba. A 1843 William Hamilton ya fito da wani ninki wanda a cikinsa a sau b ba daidai yake da b sau a ba. Tun daga nan masana lissafi suka saba da ɗaukar alama, su ce «bari wannan ta zama kaza», su ci gaba da aiki. Harsunan da za mu duba wannan ɗabi'a ce suka shigar cikin na'ura.

3. Misalin Mathematica

Mathematica ya fito a 1988 daga kamfanin Stephen Wolfram a Amurka. Harshen da ke cikinsa yanzu ana kiransa Wolfram Language. Fitowa ta uku, ta 1996, ita ce ta kawo rubuta lissafi da alamominsa na musamman kamar yadda ake gani a littafi. Idan aka ba shi jimloli biyun nan, ga abin da yake mayarwa:

(2) 3 + 5 → 8
(3) 3 ⊕ 5 → 3 ⊕ 5

A (3) babu saƙon kuskure. Na'ura ta karanta jimlar, ta gina bishiyarta, wadda a cikin gida ake rubutawa CirclePlus[3, 5], ta nemi ƙa'idar da za ta yi aiki da ita, ba ta samu ba, sai ta mayar da jimlar yadda take. Idan aka rubuta (1 + 2) ⊕ 5, za ta lissafa abin da ta iya, ta mayar da 3 ⊕ 5. Alamomin da ke cikin wannan hali suna da yawa. Daga cikinsu akwai ⊗ (CircleTimes), ⊖ (CircleMinus), ⊙ (CircleDot) da ⋆ (Star). Kowace tana da suna da matsayi a jadawalin fifiko, kuma ana iya buga ta da haruffa na yau da kullum, misali \[CirclePlus], ga wanda allon bugunsa ba shi da ita. Wanda ya taɓa fama da ƙ da ɗ da ɓ a kan na'urar da aka ƙera don Faransanci ya san amfanin wannan.

Me ya sa ba a ba ⊕ ma'ana ba? Domin masana lissafi ba su taɓa daidaitawa a kan ma'ana guda ba. A aljabara tana nuna wata hanya ta haɗa tsare-tsare biyu su zama ɗaya babba. A wurin masu ƙera da'irar lantarki tana nufin «ko wannan ko wancan, amma ba duka biyu ba». Wani kuma yana ɗauko ta ne kawai don yana son aiki mai kama da tarawa wanda ba tarawa ba ne, kuma Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne. Da kamfanin ya zaɓi ɗaya, da ya ɓata wa sauran. Alamar + kuwa a kulle take: na'ura ba ta yarda a sake mata ƙa'ida sai an cire kariyar da gangan, kuma wanda ya yi haka yana iya rikita duk wani lissafi da ya dogara da ita.

Ga yadda ake ba alamar ma'ana. A ce muna son lissafin ranakun mako. Mu ba Lahadi lamba 0, Litinin 1, haka har Asabar 6. Sai mu rubuta:

(4) a_ ⊕ b_ := Mod[a + b, 7]

wato a tara gefunan biyu, a raba da 7, a riƙe saura. Daga wannan lokaci 5 ⊕ 4 zai ba da 2: kwana huɗu bayan Juma'a Talata ce. Haka 5 ⊕ 7 zai ba da 5, kamar yadda kowa ya sani cewa jaririn da aka haifa ran Juma'a, Juma'a mai zuwa za a raɗa masa suna. Ana iya yin wannan lissafi ba tare da sabuwar alama ba. Ribar ita ce abin da ke kan allo ya yi kama da abin da mutum yake rubutawa da alli, don haka ya fi sauƙin dubawa.

Misali na biyu ya fi nuna inda matsayi yake shigowa. Akwai wani lissafi da ake amfani da shi wajen neman hanya mafi kusa, inda ⊕ take nufin «ɗauki ƙarami» ⊗ kuma take nufin «tara». Masana lissafi na Faransa sun laƙaba masa sunan lissafin ƙasashe masu zafi, don girmama Imre Simon na Brazil wanda ya yi aiki a kansa. Sunan bai da wata alaƙa da abin da lissafin ya ƙunsa. A ɗauka daga gari A zuwa gari C akwai hanya miƙaƙƙiya mai kilomita 300, akwai kuma wata da ke ratsa gari B, kilomita 120 sa'annan 150. Sai a rubuta:

(5) 300 ⊕ 120 ⊗ 150

A jadawalin harshen ⊗ ta fi ⊕ riƙo, kamar yadda ninkawa ta fi tarawa. Don haka na'ura za ta fara tara 120 da 150, ta samu 270, sa'annan ta ɗauki ƙarami tsakanin 300 da 270. Amsa 270 ce, kuma ita muke nema. An yi dace, domin wannan lissafi yana bin ƙa'idar rarrabawa irin ta lissafin makaranta: a ⊗ (b ⊕ c) daidai yake da a ⊗ b ⊕ a ⊗ c.

To, a ce wani ya juya abin, yana ganin cewa alama mai + a ciki ita ta fi dacewa da tarawa. Ya ba ⊕ tarawa, ya ba ⊗ ɗaukar ƙarami, ya rubuta 4 ⊗ 2 ⊕ 3 yana nufin ƙarami tsakanin 4 da jimillar 2 da 3, wato 4. Na'ura za ta ba shi 5, domin ta fara haɗa 4 da 2, ta ɗauki 2, ta tara da 3. Ba za ta yi masa gargaɗi ba, tun da a wurinta babu abin da ya karye. Ma'ana tasa ce, amma matsayin alamar ya gāje shi ne daga jadawali, kuma jadawalin an tsara shi ne da zaton cewa ⊗ za ta yi hali irin na ninkawa. A ganinmu wannan shi ne abin da ya kamata a fara koya wa ɗalibi kafin a nuna masa yadda ake ba alama ƙa'ida.

Akwai wani tarkon. Idan hanyoyi uku ne, aka rubuta 300 ⊕ 270 ⊕ 310, harshen yana karanta shi a matsayin alama ɗaya mai gefuna uku, CirclePlus[300, 270, 310]. Ƙa'idar da aka rubuta don gefuna biyu ba ta shafe shi ba, saboda haka jimlar za ta dawo yadda aka shigar da ita. Mafita ɗaya ita ce a sake ƙa'idar ta karɓi gefuna ko nawa ne. Wata mafitar ita ce a shaida wa na'ura cewa alamar tana da halin da harshen yake kira Flat, ma'ana ko ta ina aka fara haɗa gefunan amsa ɗaya ce. Ga ɗaukar ƙarami wannan gaskiya ne. Sai dai na'ura ba ta bincika gaskiyar maganar, karɓa kawai take yi. A ce ⊕ tana nufin matsakaicin lambobi biyu, wato a tara a raba biyu:

(6) (2 ⊕ 4) ⊕ 8 = 3 ⊕ 8 = 5,5
(7) 2 ⊕ (4 ⊕ 8) = 2 ⊕ 6 = 4

Wanda ya ce wannan alama Flat ce ya ba na'ura izinin ɗaukar (6) da (7) a matsayin abu guda. Haka yake ga halin da ake kira Orderless, wanda yake ba ta izinin musanya gefuna: idan aka ɗora shi a kan ninki irin na Hamilton, an rushe ainihin abin da ake son nazari.

4. Misalin Prolog

An haifi Prolog a jami'ar birnin Marsai na Faransa a 1972, a hannun Alain Colmerauer da Philippe Roussel, a cikin wani aiki na sa na'ura ta amsa tambayoyi da Faransanci. Sunansa taƙaitawa ce ta programmation en logique. Tsarin rubutun da ya yaɗu daga baya shi ne na jami'ar Edimburg, wanda David Warren da abokan aikinsa suka gina wajen 1977, kuma a kansa aka kafa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1995.

Prolog ya kai batun nesa fiye da Mathematica, domin a cikinsa har + ba ta lissafa komi da kanta:

(8) ?- X = 1 + 2. → X = 1+2
(9) ?- X is 1 + 2. → X = 3
(10) ?- 1 + 2 = 3. → a'a

A (8) jimlar 1 + 2 bishiya ce kawai, +(1, 2). A (10) an tambayi ko bishiya mai rassa biyu surarta ɗaya da lamba 3, amsa kuwa a'a ce. Kalmar is da ke (9) ita ce take ɗaukar bishiyar ta fassara ta da ma'anar lissafin makaranta. Alamomin gwada lambobi irin su < da > ma suna yin haka. Wannan ne ya sa yake da sauƙi a rubuta a Prolog shirin da ke sarrafa jimlolin aljabara, tun da jimlar tana nan a tsaye ba ta narke ta koma lamba ba.

Bayan haka, mai rubutu yana iya ƙirƙiro tasa alamar, ya zaɓa mata matsayi da kansa, kuma kalma ma tana iya zama alama. Ga misali da kalmomin Hausa:

(11) :- op(700, xfx, haifi).
:- op(700, xfx, kakan).
musa haifi audu.
audu haifi zainabu.
X kakan Z :- X haifi Y, Y haifi Z.

Umurnin op yana ɗaukar abubuwa uku. Lambar farko ita ce fifiko, daga 1 zuwa 1200, kuma ƙaramar lamba ce ta fi riƙo: * tana da 400, + tana da 500, = da is suna da 700, waƙafi 1000, alamar :- kuma 1200. Na biyu yana nuna mazauni: f ita ce alamar, x da y gefunanta. Tsarin yfx yana fara haɗawa daga hagu, kamar ɗebewa, inda 10 − 3 − 2 yake ba da 5. Xfy daga dama. Xfx kuwa ba ya yarda a jera alamar sau biyu ba tare da baka ba. Mun zaɓi xfx domin «musa haifi audu haifi zainabu» ba ta da ma'ana da muke so a karɓa.

Abin lura shi ne layuka biyu na farko ba su koya wa na'ura komi game da haihuwa ba. Sun dai ce mata idan ta ga musa haifi audu ta karanta shi haifi(musa, audu). Idan aka tambaye ta wa ke kakan zainabu za ta ce musa, saboda ƙa'idar layi na ƙarshe. Idan kuma wani ya shigar da «audu haifi audu», za ta karɓa ba musu, har ta ƙara audu a cikin kakannin zainabu. Mu ne muke ganin ma'ana a cikin kalmar domin harshenmu ne. Da an sa zzz a madadin haifi, aikin na'ura ba zai canza ba ko kaɗan. Wannan haɗari ya fi girma ga alamar da take kalma a kan alama irin ⊕, domin mai karatu yakan ɗauka na'ura ta fahimci abin da shi ya fahimta.

5. Wasu harsuna

Barin mai rubutu ya ƙirƙiro alama da fifikonta tsohon abu ne. Algol 68 yana da shi, Haskell ma, wanda ya fito a 1990, yana da matakan fifiko daga 0 zuwa 9. C++ ya tsaya a tsakiya: ana iya ƙara wa alamomin da ke akwai sabuwar ma'ana, amma ba a ƙirƙiro sabuwa, ba a kuma taɓa fifikonsu. Alamar << da aka yi don gusa ƙwayoyin lamba ita aka ara don fitar da rubutu, ta kuwa taho da tsohon fifikonta, shi ya sa sau da yawa sai an sa baka kafin a fitar da sakamakon gwada lambobi biyu.

Python ya ba da misali mai tsabta a 2015, a fitowa ta 3.5, lokacin da aka ƙara alamar @ tsakanin gefuna biyu. An yi ta ne don ninka jadawalin lambobi, an ba ta fifiko ɗaya da *, amma babu ko ɗaya daga cikin nau'o'in asali na harshen da aka ba aikinta. Ɗakunan shirye-shirye irin su NumPy ne suke cika ta. Julia ma yana karanta ⊕ da ⊗ da wasu masu yawa a matsayin alamomin aiki ba tare da ya ba su ƙa'ida ba. Bambancinsu da Mathematica yana ga abin da ke faruwa idan aka yi amfani da alamar kafin a cika ta. A Python 2 @ 3 saƙon kuskure yake jawowa, shirin ya tsaya. A Mathematica jimlar tana wucewa shiru cikin lissafi na gaba, sai can ƙarshe a ga amsa mai tsawon shafi da ⊕ a tsakiyarta. Ga mai lissafi da lambobi tsayawar ta fi alheri. Ga mai aljabara kuwa shirun shi ne abin nema, domin sau da yawa yana son ya riƙe a ⊗ b yadda take, ya ba ta ƙa'idodi biyu ko uku kawai, ya ga abin da zai biyo baya, ba tare da ya taɓa faɗin mene ne a ko b ba.

6. Alama ɗaya, masu ita biyu

Saura matsala ɗaya da ke tasowa idan aiki ya wuce na mutum guda. A Mathematica sunan CirclePlus na harshen ne baki ɗaya, ba na wani shiri ba. Idan malami ya rubuta ƙa'ida (4) don ranakun mako, ɗalibinsa kuma ya rubuta a_ ⊕ b_ := Min[a, b] don hanyoyi, aka loda shirye-shiryen biyu tare, ƙa'idar da ta zo daga baya za ta maye gurbin ta farko, tun da surar gefen hagunsu ɗaya ce. Sai 5 ⊕ 4 ya ba da 4 a shirin malam, Alhamis a madadin Talata, kuma babu wanda aka sanar.

Maganin shi ne kada a ɗora ƙa'idar a kan alamar kanta, a ɗora ta a kan irin abin da ke gefunanta. Harshen ya tanadi hanyar yin haka:

(12) rana /: rana[a_] ⊕ rana[b_] := rana[Mod[a + b, 7]]
(13) hanya /: hanya[a_] ⊕ hanya[b_] := hanya[Min[a, b]]

A nan an ajiye ƙa'ida (12) a ƙarƙashin sunan rana, (13) kuma a ƙarƙashin hanya, ita ⊕ tana nan yadda aka same ta. Sai rana[5] ⊕ rana[4] ya ba da rana[2], hanya[300] ⊕ hanya[270] ya ba da hanya[270], kowa da nasa. Idan wani ya rubuta rana[5] ⊕ hanya[120], babu ƙa'idar da ta shafe shi, don haka na'ura za ta mayar masa da jimlarsa ba ta taɓa ta ba.